Mai Gadi a Shafi na Uku

Auta ta ja hoton da linzamin kwamfuta ta ajiye shi a gefen dama, sai jawabin shugaban makaranta ya bi ta kan ɗan rubutun da ke ƙasan hoton ya tattake shi, kamar akuya ta shiga shanya. Karo na uku ke nan. Ta yi tsaki, ta gyara zama.

Littafin cikar makarantar shekara hamsin take tsarawa, shafi goma sha shida, kuma mai maɗaba'a ya rantse ƙarfe huɗu zai kunna inji, ko an gama ko ba a gama ba. Sakataren makarantar na tsaye a kanta tun azahar, yana numfashi a ƙeyarta, yana nuna allo da biro. Mutumin nan bai san komai ba a tsarin shafi, amma bakinsa bai huta ba.

Hoton na tsohon mai gadin makarantar ne, da hularsa a karkace, ya dafa ƙofar ƙarfe. Layi biyu ne a ƙasa: cikakken sunansa, sai shekara talatin da biyu da ya yi a bakin ƙofar. Sakatare bai san cewa mai gadin nan mahaifinta ne ba. Mai maɗaba'a ya sani sarai, shi ya sa ya koma gun injin yankan takarda yana ta goge abin da ba shi da datti.

Can ta gano inda ta yi kuskure, har ta ji kunyar kanta. Hoton kaɗai ta ce wa jawabin ya kewaye, shi kuwa rubutun ƙasan yana cikin nasa akwatin daban, ba wanda ya ce a raga masa. Ta haɗe hoto da rubutu suka zama abu ɗaya, ta bar ɗan fili ta kowane gefe, ta danna. Nan take layukan jawabin suka ja da baya, suka zagaye Baba da sunansa tsaf. Daɗi ya kama ta, amma bai daɗe ba, don layi biyar na ƙarshen jawabin sun zube sun rasa wurin zama.

Sakatare ya ce a ƙara shafi mana. Mai maɗaba'a ya amsa daga can cewa shafi ba ya ƙaruwa ɗaya ɗaya, sai huɗu huɗu, kuma takardar da ya yanka ya riga ya yanka. Sakatare ya ce to, jawabin shugaba dai ko waƙafi ba a taɓawa.

"Cire rubutun ƙasan kawai," in ji shi. "Wa bai san mai gadi ba?"

"Me sunansa?" Auta ta tambaya, tana rufe layin da tafin hannu.

Ya buɗe baki, ya sosa kai da biro, ya ce ai Baba Mai Gadi kowa ke ce masa. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ya ba ta minti goma, ya kuma taimaka ya matsa daga bayanta.

Sai ta koma saman shafin, inda hoton shugaba yake baje. Rabinsa labule ne da tebur da wata tukunyar fure. Ta rage labulen, ta datse teburin, furen ma ta sallame shi, fuskar shugaba kuwa ba ta ragu da ko ƙwayar gero ba, sai ma ƙara fitowa da ta yi. Layi huɗu suka dawo gida. Na biyar kalma biyu ce kacal, ta ɗan matse tazarar haruffa a sakin layi ɗaya yadda ido ba zai gane ba, suka shige.

Sakatare ya zauna da takardar jawabin yana bi kalma kalma, wai ko an sace masa wata. Da bai samu ba, ya ce shugaba ma ya fi kyau haka, dama shi abin da yake ta faɗa ke nan tun ɗazu. Mai maɗaba'a ya ƙunshe dariya, ya kunna inji huɗu saura kwata.

Da yamma ta kai wa Baba shafin gwaji. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyara maɗaurin rediyonsa. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, ya bi sunansa da yatsa a hankali, harafi harafi, har sau biyu. Sannan ya zagaya da yatsan a kan farin filin da ke kewaye da hoton, ya tambaye ta wannan rubutu mai yawa na wane ne. Ta ce jawabin shugaba ne.

"Shi ne ya kauce mini haka?"

"Ni na ce ya kauce, Baba."

Ya daɗe yana kallon takardar. 

"Shekara talatin da biyu ina matsa wa motarsu su wuce," ya ce. "Auta, ashe aikin nan naki babba ne."

Ta miƙa hannu za ta ninke masa shafin ya sa a aljihu, ya janye shi da sauri. Ya ce ta shiga ta faɗa wa uwarta ta fito da tabarau ta zo ta gani, kuma ta wanke hannu tukuna.