Robobin Ƙarƙashin Gadon Kaka

Ranar da makaranta ta sa gasar tara robobin ruwa don ceton muhalli, Auta ta rantse ba mai shan gabanta. Ta zagaya layinsu, ta tarar 'yan ajinsu sun tsince shi tas. Sai ta tuna da ɗakin Kaka.

Ai kuwa, ga robobi jere a ƙarƙashin gado, shekara da shekaru suna aiki: wannan ta allura da maɓallai, waccan ta gishiri, wata ta garin sabulu, wata ta irin tumatir. Auta ta zazzage komai a kan tire, ta cika buhu guda, tana tausayin tsohuwar da ba ta san duniya na ɗumama ba.

Ita ta zo ta ɗaya. Aka ba ta kofin roba mai ruwan zinariya, aka sha tafi.

Da ta dawo, ta tarar Kaka na ƙulla gishiri da maɓallai a sababbin ledoji.

"Haba Kaka, leda kuma? Ita ke kashe ƙasa fa!"

Kaka ta karɓi kofin, ta jujjuya shi. "Ko murfi babu. 'Yar nan, me ake zubawa a ciki?"