Gyaɗar Huda

Duk malaman firamaren nan ta Mubi sun san haƙoran Huda. Shekararta bakwai, ba ta magana sai ta ga dama, kuma duk wanda ya taɓa ta ba zato ya sha cizo. Da suka gaji, sai suka haɗa ta da Malama Miriyamu, wai ai ita ba miji ba ɗa, tana da lokaci. Haka mutane suke, in sun ga ba ka da kowa sai su ɗauka ba ka da aiki.

Miriyamu ba ta yi musu ba. Tsohon sito aka ba su, da benci ɗaya da allo. Kullum takan zo da ƙaramin buhun gyaɗa daga gonar ƙaninta a Michika, su zauna gefe da gefe suna ɓara, ba mai kallon idon wani. Ta lura hannun da ke ɓarar gyaɗa ba ya duka, kuma in hannun ya samu aiki, kunnen yakan buɗe. A haka Huda ta koyi haruffa. Lokacin hutun ƙarfe tara, sauran malamai na ofis suna shan kunu da hira, ba mai leƙo su.

A wata na huɗu, Huda ta matso da kanta har kafaɗarta ta taɓa hannun malamar. Miriyamu ta yi murna ƙwarai, ta koma gida da labarin a bakinta, ba ta sami wanda za ta gaya wa ba.

Hedimasta, Malam Abdulƙadiri, ya riga ya yanke hukunci: cizo ɗaya ya rage, a mayar da yarinyar gida ke nan. Ran wata Laraba sai ga shi da Alhaji Tsoho, shugaban ƙungiyar iyaye, sun zo ganin ko ta gyaru.

Suka yi sallama, Huda ba ta ko ɗago ba. Miriyamu ta fi kowa sanin ba a taɓa ta daga baya, amma a gidan da ta tashi yaro ba ya zama dattijo na tsaye. Hannunta ya riga tunaninta. Ta dafa kafaɗar yarinyar, ta danna ta ƙasa don ta durƙusa.

Haƙoran suka shige mata a gindin babban yatsa. Allah ya sa mutanen na duban rubutun allo. Miriyamu ta zare hannun, ta cusa shi cikin buhun gyaɗa, ta bar shi can yana jini.

"Malama, yarinyan ya daina cizo kuwa?" in ji Alhaji Tsoho.

"Ta daina, Baba."

Suka yaba rubutun, suka sa albarka, suka fita.

Washegari Huda ta zo makaranta, abin da Miriyamu ta so ke nan. Amma can ƙarshen benci ta zauna. Miriyamu ta ajiye tiren gyaɗa a tsakiya, da hannunta a ɗaure da tsumma.

"Laifina ne, Huda," ta ce.

Yarinyar ta dubi tsumman, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa hannu ta jawo tiren zuwa gefenta, ta juya baya, ta fara ɓara ita kaɗai.