Shingen da Babu a Taswira

An kwashe kwalaben maganin duk an jere su a kan taga. A wurinsu, bisa ɗan teburin gefen gado, wata tsohuwar oba-oba ce, irin rediyon da masu aikin ceto suke magana da shi, take ta shuuu. Doreen ta lura da haka tun daga bakin ƙofa, da kwanon miya a hannunta.

"Ajiye miyar nan ki miƙo min taswira," in ji Arvid. "Ba yunwa ce za ta kashe ni ba, likita ya riga ya faɗi mai wannan aikin."

Shekara talatin da ɗaya Arvid Halvorsen ya yi a Amurka, a reshen jihar Montana na 'yan sa-kan da ke taimaka wa sojan sama. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Aikinsa shi ne zama a kujerar baya ta ƙaramin jirgi, goshi manne da gilashi, yana duban ƙasa idan wani ya ɓace. Mako uku ke nan da asibiti suka sallamo shi ya ƙarasa kwanakinsa a ɗakinsa. Nas tana leƙowa da safe. Sauran yinin kuwa sai Doreen, maƙwabciyarsa, wadda gidanta ke kallon nasa.

Yau Wendell Krogh ake nema, wani mai shanu. Jiya ya hau doki ya bi sawun maruƙansa, dusar ƙanƙara ta sauko, dokin ya dawo shi kaɗai.

Wata murya ta fito daga oba-obar. "Mun gama bin rafi, babu komai. Za mu sake zagayowa."

"Rafi!" Arvid ya yi tari har gadon ya girgiza. "Ɗan birni ne yake bin rafi in ya ɓace. Mai shanu shinge yake bi, don ya san ƙarshensa ƙofa ce. Kira min Lorna."

"Kwamandar? Ni? Ka yi mata magana ta wannan mana."

"Wannan ji kawai take yi. Kuma numfashin nawa ba zai kai ba. Ke za ki faɗa."

Doreen mace ce da ko kaya aka ba ta ba daidai ba a kanti, sai ta karɓa ta yi godiya. Sau biyu ta danna lambar tana kashewa. A na uku aka ɗauka.

"Doreen, don Allah a taƙaice," in ji Lorna. "Jirgi ɗaya ya rage min a sama, mansa na awa guda ne, ga hadari ya taso. In na karkatar da shi, shi ke nan sai gobe, kuma Wendell ba zai kai gobe a wannan sanyin ba."

"Arvid ya ce a bi shingen gabas."

"Babu shinge a gabas. Ga taswira a gabana."

Doreen ta dubi tsohon. Ya ɗaga yatsu uku, ya nuna ƙirjinsa.

"Ya ce shekara uku da kafa shi. Da shi aka ja wayar shingen."

"Doreen, mutumin nan yana shan magani mai ƙarfi. Kin tabbata yana cikin hayyacinsa?"

Da a ce wata rana ce, da nan Doreen ta ba da haƙuri ta ajiye waya. Sai ta ji bakinta yana cewa, "Tun safe yake zagin miyata. Ƙalau yake. Ki bi shingen."

"Ce mata," Arvid ya faɗa da ƙyar, "ni na koya mata yin amai a leda ba tare da ta ɗauke ido daga tagar jirgi ba."

Lorna ta jiyo shi. Ta yi wata gajeriyar dariya. "Tsohon kawai. To."

Daga nan sai jira. Ya ce a buɗe labule, ta buɗe. Ya ce ƙafafunsa sun yi sanyi, ta ƙara masa bargo. Miyar ta huce a inda take. Can ya lumshe ido, hannunsa a kan taswirar, ita kuma ta jawo kujera ta kafa wa oba-obar ido kamar kallo zai sa ta magana.

Wajen ƙarfe uku muryar ta dawo. "Ga shinge. Tsaya, tsaya. Ga mutum a gindin turke, yana ɗaga hula. Yana da rai!"

Doreen ta miƙe zumbur. "Arvid, sun gan shi! A shingen naka!"

Ta maimaita, a hankali. Sannan ta taɓa hannunsa, bai motsa ba.

Da yamma, bayan nas ta zo ta tafi, wata mota ta tsaya a ƙofar gida. Lorna ce, da kakinta, takalmanta duk laka. Ta shigo da fara'a, bakinta cike da labari, sai ta ga an ja zanen gado har kai. Ta cire hula.

"Ya ji?"

"Ban sani ba," in ji Doreen. "Na dai gaya masa."

Lorna ta tsaya a ƙarshen gadon. Ta sa hannu ta gyara bargon inda ya zame daga ƙafafunsa, ta soke shi sosai. Sannan ta juya ta fita, ta jawo ƙofar a hankali. Ta taga Doreen tana ganinta zaune cikin motar, dusar ƙanƙara tana taruwa a kan gilashin, ba ta tayar da ita ba tukuna.