Gyatsar Mai Hidima

Baba ya tsaga gefen takalminsa na hagu da wuƙa. Na lura da haka ne ranar da na dawo daga birnin Tuxtla, yana sauke mini jaka daga mota. Tsagar a miƙe take, irin ta wanda ya zauna ya yi tunani kafin ya yanka, kuma ta cikinta ana hango farin ƙyalle da ya fara komawa ruwan ƙasa.

Ban tambaye shi ba. Shekara huɗu na yi a jami'a ina karatun ilimin abinci, ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Inna ce ta gaya mini a madafa, tana faɗaɗa wainar masara tsakanin tafukanta. Ƙaya ce ta soke shi a gona wata biyu da suka wuce, wurin ya ƙi rufewa. Likitar asibitin gari ta auna jininsa, ta ce sukari ya yi masa yawa, in bai sauka ba kafin ƙarshen wata a idon sawu za a yanke.

"Shi me ya ce?"

"Wai firgita ce. Tun ranar da motarsu ta kusa faɗawa kwazazzabo jininsa ya yi zaƙi." Ta juya waina a kan kasko. "Duk mai ciwon sukari a ƙauyen nan firgita ce ta kama shi. Ashe a garin matsorata na yi aure."

Saura kwana tara bikin Waliyyi Sebastian, kuma Baba ne mai hidimar bana. Shekara goma sha ɗaya sunansa na cikin jerin masu jira. Mai hidima yakan karɓi dattawa a gidansa kwana uku, duk wanda ya shigo sai ya sha tare da shi, kwalba da kwalba. A da giyar rake ake sha. Ina 'yar shekara bakwai dattawa suka yarda baƙin lemon kwalba ya maye gurbinta, tunda yana kawo gyatsa, gyatsa kuwa ita ke fitar da mugun abin da ke cikin mutum. A shekarar Baba ya rantse ya bar giya, bai kuma sake ɗaga wa Inna hannu ba. A gidanmu lemon nan ba abin sha ba ne kawai, shi ne abin da ya dawo mana da Baba.

* * *

Ni na karɓi wankin ciwon. Naman da ke kewaye da shi ya kumbura, ya yi zafi, yana sheƙi. Kaina a sunkuye ya fi mini sauƙin magana, don haka a kan kwanon ruwan gishirin na yi masa bayani. Na ce jinin da sukari ya cika ba ya kai ɗauki inda aka ji ciwo, masu gadin jiki sukan yi nauyi, kumburi ya zauna ya ƙi tafiya. Na ce abincin da kakata ta rene shi da shi, wake da kabewa da ganyen gona da kunun masara mai tsami, shi ne maganin da ya fi kusa.

Ya yi dariya, ya kira ni likitar kabewa. Ya ce famfon unguwa sau biyu a mako yake kawo ruwa, motar lemo kuwa ko ranar Lahadi ba ta fashi, sai in je in yi wa famfon wa'azi. Amma ya ci abin da na dafa. Ya bar burodi mai zaƙi, ya rage lemo zuwa kwalba ɗaya. A kwana na shida kumburin ya sassauta har ya iya motsa babban yatsansa, ya kira Inna ta zo ta gani.

Da na kawo maganar biki sai ya ɗaure fuska.

"Kwana uku ne kawai, Rosenda."

"Kwalba ashirin a yini, Baba."

"To in ce wa dattawa me? Ku sha, ni ina kallo?"

Inna ce ta kawo shawarar. Muka dafa zoɓo mai kauri ba sukari, muka ƙara masa ƙonanniyar masara har ya yi baƙi, muka ɗura a kwalaben da aka shanye, muka mayar da marafansu. Ita za ta riƙa buɗe kwalabe, ta san wadda za ta miƙa wa Baba. Baba ya shigo ya same mu muna ɗurawa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce shi bai ga komai ba, ya fita.

* * *

Ranar farko ta wuce lafiya. Hayaƙin turaren ƙaro ya cika ɗaki, kyandirori sun jeru a ƙasa gaban hoton waliyyi, masu goge da jita ba su huta ba. Baba ya sha da kowa, da yamma na wanke ƙafar na ga ba ta ƙara kumbura ba.

Rana ta biyu da hantsi dattawa goma sha huɗu suka zauna a kan benci. Babbansu Kawu Eleuterio ne, wanda ya riƙe ni ranar baftismata. Sukari ya cinye masa ido ɗaya, amma kunnensa ba abin da ke wuce shi. Ya shanye rabin kwalbarsa, ya yi gyatsa mai tsawo, ya karkata kai wajen Baba.

"Anselmo, jiya wuni guda kana sha, ban ji gyatsarka ko sau ɗaya ba. Kai ba ka da zunubi ne, ko ɓoye shi kake yi?"

Aka yi dariya, har Baba. Cikin dariyar Kawu ya miƙa hannu ya karɓi kwalbar Baba, ya ba shi tasa, kamar yadda aminai kan yi. Ya kurɓa. Ya riƙe abin a bakinsa, sannan ya haɗiye a hankali. Ya karkata kwalbar ya ɗiga kaɗan a ƙasa, kusa da kyandir. Ja ne.

Mai goge ne ya fara tsayar da kiɗa.

"Me ka zuba mana a namu," in ji Kawu, "da kai ba ka iya shansa?"

Na san abin da ya kamata in faɗa. Kalmomin suna nan a jere, na taɓa rubuta su a jarrabawa. Abin da ya fito shi ne, "Kawu, ƙafarsa ce," kuma ni kaina da ƙyar na ji shi. Bai juyo ba. Yana kallon bango ya ce shi ma yana da ƙafa, duk wanda ke kan bencin nan yana da abin da ke damunsa, amma babu wanda ya taɓa kawo wa waliyyi ruwan ƙarya.

Baba ya cire hularsa. Ya durƙusa a kan gwiwar dama, ya miƙe ƙafar hagu a bayansa, ya nemi gafarar waliyyi da ta dattawa. Ya ce laifinsa ne shi kaɗai. Sannan ya miƙa wa Inna hannu, bai dube ta ba.

Ta buɗe masa ta gaske. Ya ɗaga kai ya shanye ta tas, ya yi gyatsa, Kawu ya dafa kansa. Baba ya matsa wajen dattijo na biyu ya sake miƙa hannu, don sai ya sake sha da kowanensu, na jiya da na yau. A kwalba ta huɗu gogen ya dawo. A ta bakwai gumi na bin wuyan Baba, dattawa na yi masa kirari suna cewa yanzu ne hidima ta fara.

Da ya miƙa hannu karo na takwas babu abin da ya shiga tafinsa. Inna ta ajiye mabuɗin kwalba a kan akwatin lemo, ta ja mayafinta ta rufe kai, ta ratsa tsakanin makaɗa ta fita. Wani dattijo ya sunkuya ya ɗauki mabuɗin.