Dokin Ƙofar Inna Hindu

Mai jan fentin ko sallama bai yi ba. Ina tsugune a bakin ƙofata ina regayar shinkafa, sai na ga ya tsoma buroshi a gwangwani ya ja layi biyu a gicciye a bangon Inna Hindu, daidai ƙarƙashin tagar ɗakinta.

"Kai malam, lahiya? Bangon mutane na hwa, ba allon makaranta ba."

"Aiki anka sa mu, hajiya," ya ce da ni ba tare da ya waiwayo ba. "Magudanar ruwa za a hiddawa ta nan. Duk gidan da kig ga ja, tashi za a yi."

Hayaniyata ce ta fito da Inna. Ta fito hannuwanta sharkaf da man gyaɗa, ta tsaya ta dubi jan, ta dubi mutumin, sannan ta dube ni.

"Rahma, ƙyale shi. Ai an ce za a ba mu wasu."

Inna Hindu maƙwabciyata ce tun ranar da aka kawo ni gidan Habibu a Unguwar Rogo. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma ta kan katangar nan nake miƙa mata garwashi, ta miƙo mini ƙuli-ƙuli mai zafi. Sana'arta ke nan, ƙuli da man gyaɗa, tun ba a haife ni ba. Da kuɗin man ta sayi filin lokacin da wurin yake gonaki, ta ƙara da kwallayen aurenta da ta sayar, ta tayar da ɗaki biyu da zaure. Mijinta Malam Junaidu mai gyaran agogo ne, mutumin kirki wallahi, amma ko bulo ɗaya nasa babu a ginin, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Sun haihu sau biyu, duk sun koma tun suna goye. Da ya rasu sai ta rage ita kaɗai, ita da wata jar akuya mai taurin kai.

Mu ba mu ƙi magudanar ba. Duk damina sai ruwa ya shigo mana har gindin gado, kuma shekara da shekaru muna biyan harajin gida ba mu ga ko kwalbati ba. An ce waɗanda aka rusa wa za a ba su gida a sababbin gidajen da ƙaramar hukuma ta gina a bayan gari. Inna har ta fara lissafin inda za ta kafa murhunta.

Da aka kira mutane sakatariya karɓar makulli, ni na raka ta. Muka zauna a benci har rana ta take, sannan aka shigar da mu wurin wani jami'i mai ƙaton tabarau. Ya danna na'urar da ke gabansa, ya danna, ya ɗago.

"Wanga gida na Malam Junaidu na. Magada sun riga sun zo."

"Waɗanne magada?" na ce.

"Ƙanen mamaci, Alhaji Sa'adu. Ita matar tana da rubu'inta in an raba, tunda babu ɗiya."

Inna ta matso da kujerarta. "Ɗana, ni ad da gidan ga. Ni nis sai hili, ni nig gina."

"Baba, ga abin da ke rubuce. Ke da bakinki kib ba masu bincike amsa. To wane na Junaidu, in ba mai gidan ba?"

Sai ta sunkuyar da kai. Matan zamaninsu ba sa kama sunan mijin fari, ko da wuƙa a wuya. Mutumin yana ta maimaita sunan, ita kuwa tana murza gefen mayafinta. Ni na yi ta masifa har aka kira mai gadi ya fitar da mu.

A cikin keke napep muna komowa na tuna ranar binciken. Shekarar da ta gabata ce, da bazara. Wata yarinya 'yar jami'a mai suna Khaula ta shigo unguwa tana bin gida-gida da ƙatuwar waya a hannu, wai tana nazari ne kan mata da muhalli, da yadda ake kashe harajin da talakawa ke biya. Mai unguwa ya haɗa ta da wani yaronsa, Mode, dattijo ne ma, yana yi mata jagora. Ina gidan Inna ina taya ta matsar tunkuza suka yi sallama. Yarinya mai ladabi, ta durƙusa har ƙasa, ta sha ruwan randa, ta ci ƙuli. Sannan ta duba wayarta ta karanto tambaya.

"Inna, wa am maigida nan?"

Inna ta ce, "Malam, Allah shi jiƙan shi."

"Sunanshi hwa?"

Inna ta yi murmushi ta kau da kai, Mode ya amsa daga zaure, "Malam Junaidu mai agogo." Yarinya ta danna, ta wuce tambaya ta gaba, ta rijiya da makewayi. Shi ke nan fa. Abin da ya ci gidan Inna Hindu ke nan, ko minti ɗaya bai kai ba.

Ka tambayi kowace mace a garin nan wane ne maigida, mijinta za ta nuna maka, ko yana raye ko yana kushewa. Da cewa aka yi wa ad da gidan ga, da ta buga ƙirji ta ce ita.

Habibu ya nemo lambar Khaula wurin Mode, na kira ta, ban ko tsaya gaisuwa ba na zazzage mata. Kashegari sai ga ta. Ta zauna a tabarmar Inna, idanunta sun yi ja.

"Inna, ki yahe mani. Da Turanci tambaya biyu ta, shugaban iyali daban, mai mallakar gida daban. Da munka mai da su Hausa sai munka ga duk maigida na, munka haɗe su."

"To ya anka yi hukuma tas samu?" na tambaye ta.

"Su sunka ba mu izinin shiga unguwanni, da sharaɗin mu ba su abin da munka tattara. Ba su da wani lissahi na gidajen nan sai namu."

Ta ce abin da ya fi ci mata rai, a rahoton da suka fitar sun rubuta cewa mata kaɗan ne ƙwarai suka mallaki gida a Unguwar Rogo, har an yaba musu a wani taro. Na ce mata a layinmu kaɗai na san mata huɗu da suka gina da guminsu. Ta rufe fuska da hijabinta.

Inna ce ta dafa ta. "Bar kuka, ɗiyata. Ba ki yi da gayya ba. Tashi ki ci tuwo."

Ba zan ci amanar yarinyar nan ba, ta yi iya yinta. Ta kai malaminta sakatariya, suka ce a gyara. Aka ce musu an riga an rufe, an aika sama, kuma in aka buɗe wa mutum ɗaya sai an buɗe wa kowa. Ta ce a duba rasiɗan haraji, ai Inna ke biya. Aka duba, duk da sunan Malam, don masu karɓar haraji ba su taɓa tambayar mace sunanta ba, a zaure suke tsayawa su ce a gaya wa maigida. Wanda ya sayar mata da filin ya daɗe da rasuwa, shaidun ma haka. Aka ce sai dai kotu, kotu kuma ta sa rana bayan damina. Katafila ba ta jira damina ba.

Alhaji Sa'adu ya zo sau ɗaya, da motarsa da ta kasa shiga lungunmu. A tsaye ya gaishe ta.

"Yaya, ni ban ƙwace maki komi ba. Hukuma tak kira ni. In an sai da sabon gidan, rubu'inki na nan."

"Sa'adu, ka san wa yag gina shi. Kai kad ɗauko mani yashi da jaki, ina biyan ka."

"An daɗe, Yaya. Ni ban riƙe ba."

Na ce, "Ka riƙe hanyar sakatariya dai!" Habibu ya jawo ni ciki yana cewa ba a shiga maganar dangi. Dangin wa? Shekara nawa matar nan tana ciwon ƙafa, ban taɓa ganin ƙeyar ɗayansu da ƙwaryar fura ba.

Ranar rusau muka kwashe kayanta zuwa ɗakin da nake ajiye keken ɗinki. Ba su da yawa: gado, randa, turmi, kaskon suya, sai akuya da muka ɗaure a gindin dalbejiyarmu. Inna ta ƙi shiga ciki. Ta zauna a kan turmi a ƙofar gidanmu tana kallo har aka gama. Ɗakunan biyu suka tafi, zaure ya tafi. Abin da ya tsira shi ne ƙofar gidan, ta ƙarfe mai shuɗin fenti, don ita tana bayan igiyar awon da suka ja. Ta tsaya ita kaɗai da ginshiƙanta biyu, babu bango dama babu hagu.

Daga ranar ba ta ƙara hura wuta ba. Na sayo mata gyaɗa don ta sami abin yi, ta ce hannunta ya mutu. Abinci sai na yi da gaske take kai loma biyu. Kullum da la'asar takan ce in kama ta mu fita, ta zauna ta zuba wa ƙofar ido. Makullin yana ɗaure a bakin zanenta, kuma sai ta sa na je na duba ko a kulle take. Na ce, "Inna, wa za shi shiga? Ai ko ta gehe ana wucewa." Ta ce in dai je in duba.

Da jikin ya yi tsanani muka kai ta asibiti, suka ce hawan jini ne da rashin cin abinci, suka ba da magani muka dawo. Wata safiya ina shafa mata man zafi a ƙafa ta riƙe wuyan hannuna.

"Rahma, in ta Allah ta kasance, a hid da ni ta ƙohwata. Kar a hid da ni ta ƙohwar aro."

"Haba Inna, bar wagga magana."

"Kin dai jiya. Ta nan nish shiga da ƙahwata. Ki gaya ma Habibu."

Ta kwance makullin ta danƙa mini. Na ce na ji, na kuma yi mata alkawari.

Ta cika ranar wata Laraba da hantsi, ina tsakar gida ina dama mata kunun da na san ba za ta sha ba. Na shigo na tarar ta juya fuska bango, bangon da ke jingine da inda gidanta yake. Na yi salati, na rufe mata ido, sannan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi wa uwata ba.

Mu muka yi mata wanka, ni da matar liman. Khaula ta zo, ta tsaya a lungu. Da aka gama suturta ta na kira Habibu na ba shi makullin, na gaya masa wasiyyarta. Ya karɓa ya fita. Bai jima ba ya dawo, ya tsaya a bakin ɗaki yana jujjuya makullin a hannu.

"Rahma, babu ƙohwar."

"Kamar ya babu?"

"Alhaji Sa'adu ya turo yara da sahe sun cire ta. Wai cikin gado take, kar 'yan jari-bola su riga shi."

Ban san lokacin da na fita ba, ko mayafi babu. Ginshiƙan suna kwance a ƙasa, an farfasa su don a zare ƙarfen. Abin da ya rage sai dokin ƙofa, wannan ɗan tudun sumunti da ta sa aka yi don tare ruwa, tsakiyarsa ta lotsa saboda taku. Alhaji Sa'adu yana zaune a tabarmar maza yana karɓar gaisuwa, ana ce masa ya haƙuri. Na buɗe baki, matar liman ta toshe mini shi da tafin hannu ta mayar da ni ciki.

Ta kan katanga na leƙa lokacin da aka ɗauko makara. Habibu ne a gaba. Maimakon ya miƙe titi sai ya karkata, ya bi da su ta cikin ɓaraguzan, ta inda ɗakinta yake, ta inda zaure yake. Na ji wani yana cewa, "Ina za ku kuma? Ga hanya nan." Habibu ya ci gaba da tafiya. Suka ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya suka tsallake dokin ƙofar, suka fita da ita.

Har yau ba a haƙa magudanar ba, an ce kuɗin bana sun ƙare. Makullin yana rataye a ƙusa a ɗakin ɗinkina. Akuyar ce dai ban san yadda zan yi da ita ba. Duk yamma in ta dawo kiwo ba ta shigowa gidanmu, sai ta wuce ta tsaya a gaban dokin ƙofar, ga fili ta ko'ina amma ba ta tsallakawa. Tana nan tsaye har a kira magariba, tana jira a buɗe mata.