Ƙarfen da Bai Kai Nauyinsa Ba

Shekara talatin da wani abu dunƙulen ƙarfen nan yana tokare da ƙofar ɗakin ajiya na makarantar, kuma duk tsawon shekarun nan ba a sami mutum ɗaya da ya durƙusa ya duba ko mene ne ba. Makaranta fa, gidan da aikinsa ke nan tambaya! Girmansa bai kai ƙwallon ƙafa ba, baƙi ƙirin, tsatsa da ƙasa sun yi masa ɓawo. An ce masu haƙa rijiya ne suka tono shi. Ɗalibai sun yi ta gwada ƙwanji da shi, mai gadi yana miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi a kansa. Wanda duk ya tambaya, amsa ɗaya ce: ai haka muka tarar da shi.

Malamar kimiyya ba ta ƙi jinin wata magana a duniya kamar wannan ba. Wata bakwai kacal da fara aikinta, amma ta ji ta a kan famfon da ke zuba, ta ji ta a kan tagar da babu gilashi, har ta fara jin ta a mafarki.

Sai ga takarda cewa manyan baƙi za su zo duba makarantar ranar Laraba. Shugaban makarantar ya zagaya yana neman abin nunawa, idonsa ya faɗa kan ƙarfen. Nan take ya yanke hukunci cewa harsashin igwa ne na zamanin yaƙe-yaƙe. Bai auna ba, bai tambayi kowa ba. Kafin azahar an rubuta allo da jan fenti, ya kuma ce a nemo mai walda ya like shi a kan ginshiƙin ƙarfe na bakin ƙofa, inda ɗalibai ɗari takwas ke wucewa safe da rana.

Malama ce ta ce akwai mahaifinta. Shekara arba'in yana walda, da wannan wutar ya kai ta jami'a.

Ranar Talata da hantsi Baba ya iso, aka sauke masa inji a gindin ginshiƙin. Ya warware waya, ya rataya gilashinsa a wuya, sannan ya je ya sunkuya ya ɗaga ƙarfen da hannu biyu. Malama tana kallo daga baranda. Ta ga ya tsaya cak. Ya ɗan jijjiga hannuwansa sama da ƙasa kamar mai jin nauyin jariri, sannan ya mayar da shi ƙasa a hankali, a hankali, irin ajiyar da ba ta taɓa ganin ya yi wa ƙarfe ba.

"Uwata," ya kira ta, don sunan mahaifiyarsa gare ta. "Zo nan."

"Lafiya, Baba?"

"Ƙarfen nan bai kai nauyinsa ba."

"Kamar yaya?"

"Ƙarfen zubi mai wannan girman, da na ɗaga sai bayana ya gaya mini. Wannan bai ce mini komai ba. Cikinsa kogo ne. Ni kuwa ba na sa wuta a abin da ke rufe ban san me ke cikinsa ba."

Ta san dalilin. Tabon da ke wuyansa zuwa kafaɗa, wani tankin mai ne ya fashe da shi yana walda, bayan an rantse masa an wanke shi tas.

Shugaba ya fito daga ofis yana gyara hula. "Maigida, yaya ban ji ƙarar inji ba?"

Baba ya yi masa bayani cikin ladabi. Shugaba ya yi dariya, ya juya wajen malaman da suka fara taruwa a inuwa, su ma suka taya shi, don dariyar shugaba ba ta tafiya ita kaɗai.

"Kogo! To ka leƙa ciki ne? Bawan Allah, shekara talatin ana buga abin nan da guduma, ko tari bai taɓa yi ba."

"Guduma daban, wuta daban, ranka ya daɗe."

"Ni dai walda na kira ka ka yi, ba duba ba."

"To, a gafarce ni. Ba zan yi ba."

Fuskar Shugaba ta canza. Ya dubi Malama sama da ƙasa. "Ke kika kawo mana shi ai. To, garin nan ba shi kaɗai ke da inji ba." Ya zaro waya ya kira wani mai walda na bakin kasuwa da ake ce wa Tartsatsi, ya ce ya zo yanzu-yanzu.

Ba dariyar ce ta fi ƙona wa Malama rai ba. Abin da ya dame ta shi ne nan da rabin awa wani zai zo ya ɗora wuta a kan ƙarfen nan, ga azuzuwa uku tagoginsu na kallon ƙofar. Kuma a cikin masu digiri goma sha biyu da ke tsaye a inuwa, babu wanda ya ce a dakata a duba. Hannun tsoho ya faɗi gaskiya, amma hannu ba shi da takardar shaida.

"Yallaɓai," ta ce, "a ba ni minti ashirin."

"Ki yi me?"

"In auna."

"Ki auna tarihi?"

"In auna ƙarfe, yallaɓai. Tarihin sai mu bar wa allo."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Shugaba ya ɗaga yatsa. "Ki tuna fa har yanzu ban sa hannu a takardar tabbatar da ke a aiki ba."

"Na tuna."

Ba ta jira izini ba. Ta shiga ɗakin gwaje-gwaje ta kinkimo sikeli da kofin awo, ta ari bokiti da baho wajen masu shara. Ta girke bokitin cikin bahon a kan baranda, ta cika shi da ruwa har baki. Idan fa lissafi ya ƙaryata Baba a gaban mutanen nan?

"Baba, sikeli tukuna."

Ya ɗora ƙarfen. Allurar ta yi lilo ta tsaya. Kilo takwas da rabi. Ta faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, ta rubuta da alli a jikin bango.

Baba ya ɗaure ƙarfen da igiya ya zura shi cikin bokitin sannu-sannu. Ruwa ya tumbatsa ya zubo cikin baho. Ta kwashe ruwan da ya zubo, kofi bayan kofi, ta auna. Lita biyu ba kwata.

"Ruwan da ya zubo, shi ne girman ƙarfen," ta ce, da muryar da take koyar da 'yan aji ɗaya. "Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ƙarfen zubi ya ninka ruwa nauyi sau bakwai. Malamin lissafi, don Allah, ɗaya da kwata uku sau bakwai?"

Malamin lissafi ya dubi Shugaba, ya dubi ƙasa. "Goma sha biyu da kwata."

"Goma sha biyu da kwata ya kamata ya yi. Takwas da rabi muka gani. Ina kusan kilo huɗu suka shiga, yallaɓai?"

"Tsatsa ta ci."

"Da tsatsa ce ta ci kilo huɗu, da girman ma ya ragu tare da nauyin."

Baba ya ciro ƙarfen ya kwantar a kan buhu, yana shafa shi da babban yatsa. Ruwan ya jiƙa ƙasar da ta daskare shekara da shekaru, tana ɓarewa. Can yatsan ya tsaya.

"Uwata, kawo idonki, nawa sun gaji."

Ta durƙusa. A ƙarƙashin dattin akwai wani zagaye kamar bakin kwalba, an toshe shi da wani abu da ba irin ƙarfen jikin ba. Harsashin igwa ne, a nan Shugaba ya canka daidai. Amma ba dunƙulallen ba ne. Irin wanda ake ɗura wa albarushi a toshe ne.

Daidai nan babur ya shigo da Tartsatsi, ƙato mai faɗin ƙirji, yana tafe yana naɗe hannun riga. "Ina aikin? Minti biyar na gama, ina da ƙofar wani a kan layi." Sai ya hango Baba. Ya rage murya, ya rusuna. "A'a, Maigida, kai ne a nan? Barka da hantsi."

Wajen Baba ya koyi sana'ar, shekara ashirin da suka wuce.

"Ga shi nan," Shugaba ya nuna. "Maigidan naka tsufa ya sa masa tsoro."

Tartsatsi ya dubi ƙarfen, ya dubi lambobin da ke bango, ya dubi Baba. "Maigida, ka ƙi shi?"

"Na ƙi shi."

"To, yallaɓai, abin da mutumin nan ya ƙi sa wa wuta, ni ko sigari ba na kunnawa kusa da shi. 'Ya'yana biyar, ƙaramar ko yaye ba a yi ba." Ya ja da baya taku uku. "Kai, ku ma da kuke tsaye, me kuke jira? Hoto?"

Inuwar nan ta watse kamar an zuba mata ruwan zafi. Malamin lissafi ne a gaba.

Shugaba ya tsaya shi kaɗai da allonsa. Malama ta miƙe, gwiwoyin zanenta sun jiƙe.

"Yallaɓai, a fitar da yara ta ƙofar baya, a kira 'yan sanda masu kwance bam. In ka ga dama ka kira, in ba ka ga dama ba ni zan kira, takardar kuma ka yi yadda ka so da ita."

Shugaba ya zaro wayar.

Bayan azahar 'yan sandan suka iso, makaranta ta zama wayam. Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya tsuguna ya haska toshiyar da tocila. Ya sa aka kawo akwati mai yashi aka kwantar da ƙarfen a ciki. Ya ce ba zai iya rantsewa albarushin na da rai ba sai sun kai shi inda suke buɗe irinsa, amma ya sha ganin wanda ya fi wannan tsufa ya tashi.

"Walda kuka ce za a yi masa?" Ya girgiza kai. "Wa ya gane?"

Shugaba ya gyara murya. "Ai mu a nan makarantar ba ma sakaci da..."

"Babana ne," Malama ta katse shi. Ba ta san muryarta za ta fita da ƙarfi haka ba, har ta amsa a barandar. "Ga shi can. Ɗagawa ɗaya ya yi."

Jami'in ya taka har inda Baba yake naɗe waya, ya miƙa masa hannu. Baba ya goge nasa a jikin riga sau biyu kafin ya karɓa.

"Da hannu kawai, Baba? Kilo nawa hannun ya ce ya ɓace?"

"Wallahi ni ban san kilo ba, ranka ya daɗe. Na dai ji ba daidai ba." Ya nuna ta da haɓa, yana ƙoƙarin danne murmushi ya kasa. "Ita ce ta san adadin. Malamar kimiyya ce. 'Yata ce."

Da motar 'yan sandan ta fita, Tartsatsi ya taya su ɗora injin. Saura naɗin wayar walda, mai nauyi, duk baƙin mai. Baba ya sunkuya zai ɗauka, Malama ta riga shi. Ta saɓa wayar a kafaɗa, a kan farin mayafinta.

"Uwata, za ki ɓata kayanki."

"Su ɓaci, Baba. Mu je."