Idon Kyamarar Malam Lawali

"Sake ta, Tanimu. Na ce ka sake ta!"

Ina ƙofar gidana ina yankan fata na jiyo muryar maƙwabcina Malam Lawali mai hoto, tari na katse masa magana. Na faɗa zaurensa. Yana kwance kan tabarma, ya rame har riga ta yi masa yawa, amma ya damƙe igiyar jakar kyamararsa, ƙanensa Tanimu na ja.

"Yaya, aro kawai na ce. Can inda ake ba yara masu tamowa abinci, baƙi na neman hotuna. Matan ƙauyen Zermu sun cika filin. Ka cire wa yaro riga, haƙarƙari ya fito, ka danna, shi ke nan."

"Ɗan wa za ka tuɓe?"

"Ai taimako ne. In duniya ba ta gani ba, wa zai aiko hatsi?"

"To tuɓe kanka mana, kai ma ka rame."

Tanimu ya saki igiyar. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ba komai. Ba ka da ɗa. Ina jira." Wallahi ba don ganin idon mara lafiya ba, da na ɗauke shi da mari.

Shekarar ce fara ta cinye ɗan abin da fari ya bari. Kyamarar irin ta zamani ce, marar fim, mai nuna hoto a bayanta nan take, ni kuma na ɗinka mata jaka da fatar akuya. Duk Birni an san Lawali ba ya ɗaukar mutum sai ya wanke fuska ya gyara hula. Ko matan ƙauye da yunwa ta koro, in sun zo hoton katin shaida, sai matarsa Jummai ta ara musu mayafi. Kullum da la'asar zai cire wa kyamarar pil, wato batir, ya kaɗe gilashin da gashin zabo, sannan ya yi masa huci ya goge da ƙyallen tsohon rawani, ya naɗe ta ya sa a tukunya mai murfi inda rana ba ta kaiwa. Na taɓa kai yatsa zan share masa gilashin, ya buge min hannu. "A kaɗe kafin a goge, Alkasum. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta makantar da ita."

Da jikin ya yi tsanani ya aika Jummai ta kira ni. Na same shi jingine da bango, kyamarar a cinyarsa.

"Kawo in ɓoye a wajena," na ce.

"Kayan gado ne. Tanimu zai kai ka gaban alƙali ya karɓe."

"To ka ba ni kyauta."

"Kyautar mai ciwon ajali? Wa zai yarda?" Ya yi tari har ya haɗa gumi. "Ɗebo min yashi a ƙofar gida. Mai tsakuwa."

Na tsaya ina kallonsa. Ya harare ni, na fita na cika tafin hannu.

Sai da ya kaɗe gilashin da gashin zabon kamar kullum. Ya kai shi baki zai yi huci, numfashin ya ƙi isa. Ya haƙura ya goge haka nan. Sannan ya ɗebi yashin ya zuba a kai, ya ɗora babban yatsa, ya fara murzawa. Ƙarar ta shiga min har haƙori.

Jummai ta yaye labule. "Malam! Abin da muka ci muka sha da shi fa!"

"Shi ya sa."

Bai daina ba sai da hannunsa ya faɗi don kansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar in fizge, amma ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Ya sa na kaɗe yashin tas, na naɗe ta na sa a jakarta na mayar tukunya. Washegari da hantsi ya cika.

Tanimu bai jira sadakar uku ba. Muna zaman makoki ya fito da jakar, ya sa pil, ya ɗaga kyamarar ya saita lungu don gwaji. Ina bayansa ina gani. Hoton ya fito fari fat kamar an shafa masa koko. Ya goge da hannun riga, ya sake ɗagawa. Wata tsohuwa 'yar ƙauye ta zo wucewa da jika a baya. Inuwarta ta shiga farin nan a hankali, ba fuska, ba rama, ta fita ta ɗaya gefen.